Gidajen Sarautar Farankawa

Farankawa tarin ƙabilu ne masu harshen Jamusanci na dā, waɗanda suka zauna a gaɓar kogin Rhine tun ƙarni na 3 Miladiyya. Daga sunansu aka samo sunan ƙasar Faransa, da kalmar "Ifranji" da Larabawa suka riƙa kiran Turawan yamma da ita. Gidaje biyu ne suka riƙe sarautarsu bayan rushewar daular Rum ta yamma: zuriyar Merovech, har zuwa 751, sai zuriyar Charles Martel, daga 751 zuwa 987.

Gidan Merovech

Merovech kansa labarinsa ya fi kama da tatsuniya. Jikansa Clovis ne ya kafa daular. Ya gaji mahaifinsa Childeric wajen 481, ya ci Syagrius, shugaban Rumawa na ƙarshe a arewacin Gaul (tsohon sunan yankin Faransa), a Soissons a 486, sannan ya karya ƙabilar Visigoth a Vouillé a 507. Matarsa Clotilde Kirista ce, shi ma daga baya ya karɓi Kiristanci irin na Katolika a hannun Bishop Remigius a birnin Reims. Wannan ya ja masa goyon bayan limaman coci, waɗanda su ne ke riƙe da birane a lokacin.

Alamar sarauta a wannan gida gashi ce. Ɗan sarki ba ya aski, kuma wanda aka aske ya fita daga layin gado. Gregory, bishop ɗin Tours, ya ba da labarin yadda 'ya'yan Clovis biyu, Childebert da Chlothar, suka aika wa mahaifiyarsu Clotilde almakashi da takobi, ta zaɓa wa jikokinta marayu, 'ya'yan ɗan'uwansu Chlodomer. Cikin ɓacin rai ta ce gara ta gan su a mace da ta gan su a aske. Chlothar ya kashe biyu. Na ukun, Clodoald, ya tsira, daga baya ya aske kansa ya koma hidimar coci.

Rigimar ta samo asali ne daga yadda suke rabon ƙasa kamar rabon gonar gado. Da Clovis ya rasu a 511, 'ya'yansa huɗu suka raba daular. A hankali sassa uku suka fito, Austrasia a gabas, Neustria a yamma, da Burgundy, kuma yaƙin 'yan'uwa bai ƙare ba. Gabar sarauniya Brunhilda da sarauniya Fredegund ta kai ga Chlothar II, ɗan Fredegund, ya sa aka ɗaure Brunhilda, tana tsohuwa, a jikin doki aka ja ta har ta mutu a 613. Bayan Dagobert I, wanda ya rasu a 639, sarakuna da yawa sun hau gado suna yara, sai iko ya koma hannun mai riƙe da muƙamin maior domus, kusan abin da Bahaushe zai kira sarkin fada.

Gidan Charles Martel

Pepin na Herstal, sarkin fadan Austrasia, ya ci Neustria a Tertry a 687. Ɗansa Charles, mai laƙabi Martel, wato guduma, shi ya tari rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi, gwamnan Andalus, tsakanin Tours da Poitiers a 732. Gwamnan ya rasu a fagen, wanda littattafan Larabci ke kira Balaɗ al-Shuhada. Daga 737 har rasuwarsa a 741 Martel ya yi mulki ba sarki a gado, amma bai naɗa kansa ba.

Ɗansa Pepin Gajere ne ya yi ƙarfin halin. Ya aika wa Fafaroma Zachary tambaya: wa ya cancanci sunan sarki, mai iko ko wanda ba shi da shi? Amsar ta zo yadda yake so. A 751 aka aske Childeric III, sarkin ƙarshe na gidan Merovech, aka kai shi gidan 'yan zuhudu, kuma a 754 Fafaroma Stephen II ya shafa wa Pepin mai, alamar naɗin sarauta ta coci, a Saint-Denis. Abin da Pepin ya rasa ta jini, ya same shi ta coci, ya kuma biya da yaƙar ƙabilar Lombard da miƙa wa Fafaroma filaye a Italiya. Marubuci Einhard ya siffanta sarakunan ƙarshe na tsohon gidan da ragwaye masu yawo a keken shanu. Sai dai Einhard bafaden Sharlaman ɗan Pepin ne, kuma bafade ba ya yabon gidan da mahaifin ubangidansa ya tuɓe.

Sharlaman, ɗan Pepin, ya yi mulki daga 768 zuwa 814. Ya ci Lombard a 774, ya shafe shekara sama da 30 yana yaƙar ƙabilar Saxon, inda aka rubuta cewa ya kashe fursunoni 4,500 a Verden a 782. Ranar 25 ga Disamba, 800, Fafaroma Leo III ya naɗa shi babban sarkin Rumawa a birnin Rum. Fadarsa ta Aachen ta tara malamai irin su Alcuin na York, kuma can giwar nan Abul Abbas, kyautar Halifa Haruna Rashid na Bagadaza, ta isa a 802.

Rabon gado bai bar wannan gida ba shi ma. Louis, ɗan Sharlaman, ya gaji daular shi kaɗai saboda 'yan'uwansa masu haƙƙin gado sun riga mahaifinsu rasuwa. Bayan mutuwarsa a 840 'ya'yansa uku suka yi yaƙi, suka raba ta a yarjejeniyar Verdun ta 843: Charles Mai Sanƙo ya ɗauki yamma, Louis, mai sunan mahaifinsa, gabas, Lothair tsakiya da Italiya. Yamma ce ta zama Faransa, gabas ta zama Jamus. Reshen gabas ya ƙare da rasuwar Louis Yaro a 911. Na yamma ya kai 987, lokacin da Louis V ya rasu bai bar ɗa ba, manyan ƙasa suka zaɓi Hugh Capet.