Ma'anar tiriftofan, da yadda ya shiga maganar ciwon suga

Kwanan nan masu tallan maganin ƙarin lafiya sun fara ambaton tiriftofan, wai yana sa barci, wai yana gyara suga, har a Bauchi nan ana turo wa mutane a WhatsApp. Toh tiriftofan dai ba wani baƙon abu ba ne, amino asid ne, ɗaya daga cikin ƙananan sinadaran da suke haɗuwa su zama furotin. Jiki ba ya iya haɗa shi da kansa sai an ci, kuma kullum muna cinsa a ƙwai da kifi da naman kaza da nono da gyaɗa da riɗi da awara. Tun 1901 wani masani a Ingila, Frederick Hopkins, da abokin aikinsa Sydney Cole suka ware shi daga furotin ɗin madara. Babban mutum miligiram 4 kacal yake buƙata a rana kan kowane kilo na nauyinsa, kaga ba abin da sai an shiga kemis ba ne.

Inda maganar take shi ne ina yake zuwa bayan an ci. Wanda jiki bai gina tsoka da shi ba sai ya iso shataletale mai hanya uku. Ɗan kaɗan ya zama serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa da hanji, daga nan ake samun melatonin na barci, wani kaɗan ƙwayoyin bakteriyar hanji su cinye, sauran kuma, sama da kashi 90 cikin ɗari, ya bi hanyar da ake mayar da shi wani sinadari mai suna kainurenin, galibi a hanta. Ita wannan hanyar asali mai amfani ce, ta nan jiki yake samar da bitamin B3, kusan miligiram 60 na tiriftofan ne ke bada miligiram 1.

Matsalar tana farawa ne idan tumbi ya taru. Kitsen ciki ba zaman banza yake ba, yana tayar da wani kumburi na ɓoye wanda ba zafi ba zazzaɓi, shi kuma kumburin yana kunna wani sinadari mai suna IDO a ƙwayoyin garkuwar jiki, sai a riƙa tura tiriftofan hanyar kainurenin fiye da kima, haka ma damuwa mai tsawo, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa saboda ita yana ƙara wa hanta gudu a wannan aikin. Kuma hanyar ba ta ƙarasawa lafiya sai da bitamin B6, in ya yi ƙaranci aikin ya tsaya a tsakiya wani abu mai suna zanturenik asid ya taru. Tun shekarun 1950 masu bincike a Japan suka ga wannan asid ɗin yana jawo wa ɓeraye alamun ciwon suga, daga baya aka ga yana iya manne wa insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka da hanta, ya rage masa ƙarfi. Ana zargin yana da hannu a abin da kake ji ana cewa jiki ya daina jin insulin: insulin ɗin yana nan amma tsoka da hanta ba sa karɓar suga daga jini yadda ya kamata, jiki yai ta ƙaro insulin shekara da shekaru har ya gaza. A mutane ma an sha ganin masu yawan kainurenin a jini sun fi kamuwa da ciwon suga nau'i na 2, sai dai wannan alaƙa ce, kumburin da ƙibar ma da kansu suna ɓarna.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne na hanji. Wasu bakteriya suna mayar da tiriftofan wani sinadari da ake kira IPA, kuma a wani bincike na ƙasar Finland da aka fitar a 2017, waɗanda IPA ɗinsu ya fi yawa sun fi tsira daga ciwon suga, su ne kuma aka ga sun fi cin abinci mai dusa da harza. Wato wake, gero da dawa da ba a surfe su tas ba, zogale, rama, kuka. Mu kuma yanzu masa da safe ta farar shinkafa an barbaɗa suga, rana taliya, dare burodi da lemon kwalba, gaskiya ba mu bar wa bakteriyar nan komai ba. Motsa jiki ma yana da hannu, tsokar da ke aiki tana kwashe kainurenin daga jini ta sauya shi, an nuna haka a Suwidin a 2014.

Shi ya sa sayen ƙwayar tiriftofan don suga ba dabara ba ce, in jikin akwai kumburi ƙarin da aka sha galibinsa hanyar kainurenin zai bi. A 1989 ma a Amurka gurɓataccen tiriftofan na kwalba ya kwantar da mutane sama da 1,500, wasu suka rasu. Mai shan maganin ciwon damuwa kuwa kada ya kuskura ya haɗa su sai likita ya sani, serotonin zai iya yin yawa har ya zama haɗari. Wanda ke zargin suga ya je asibiti a gwada jininsa da safe kafin ya karya, ko ya nemi gwajin HbA1c mai nuna na wata uku.