Waiwaye: Yadda "White Rabbit" ta shiga rediyo da rigar tatsuniya

Mawaƙiyar Amurka Grace Slick ce ta rubuta waƙar "White Rabbit" (wato farin zomo), tun tana ƙungiyar mawaƙa ta The Great Society ta birnin San Francisco. Da ta koma ƙungiyar Jefferson Airplane a Oktoban 1966 don maye gurbin mawaƙiyarsu Signe Anderson, sai ta tafi da abarta. Waƙar ta fito a faifan Surrealistic Pillow a Fabrairun 1967, kamfanin RCA ya sake ta ita kaɗai a watan Yuni, ta kai ta 8 a jadawalin fitattun waƙoƙi na mujallar Billboard.

Ta kuwa faɗo a kan gaɓa. A lokacin dubban matasa sun yi dafifi a unguwar Haight-Ashbury ta San Francisco, suna tir da yaƙin Vietnam, da yawansu na shan LSD, ƙwayar nan mai sa gane-gane, wadda jihar Kalifoniya ta haramta a 1966. Gidajen rediyo ba sa son waƙar ƙwaya, to amma wa zai hana tatsuniyar yara? Slick ta ɗauko labarin Alice na Lewis Carroll, na 1865: yarinya ta bi farin zomo cikin rami, ta sha wani abu ta ƙanƙance, ta ci wani ta zama zanƙaleliya, ga tsutsa zaune kan naman kaza tana zuƙar shisha. Ta sha faɗa cewa iyaye take yi wa habaici, masu karanta wa 'ya'yansu wannan da dare, sannan su riƙe baki idan yaran sun girma sun fara haɗiyar ƙwaya.

A ganina kiɗan ya fi habaicin ƙarfi. Ba ta da amshi, ba ta ma kai minti uku ba. Jitar Jack Casady, makaɗin ƙungiyar, ce ke buɗe ta can ƙasa-ƙasa, ganga na biye kamar ta faretin soja, murya na hawa sannu a hankali har ta ƙure. Slick ta ce daga kiɗan Boléro na Bafaranshe Ravel da faifan Sketches of Spain na makaɗin jazz Miles Davis ta samo salon.

Jefferson Airplane sun rera ta a bikin kiɗa na Woodstock a 1969. A 1971 wani littafin tsoratar da matasa kan ƙwaya, Go Ask Alice, ya ari sunansa daga baitinta, abin dariya. Daga nan 'yan fim suka karɓe ta: a Platoon na 1986 ita ke tashi inda sojoji ke busa wiwi, a 2021 kuma da ita aka tallata The Matrix Resurrections.