Shilajit da yurik asid

Shilajit wani abu ne baƙi mai danƙo, kamar kwalta, da ke tsattsafowa daga tsagar duwatsu idan zafin rana ya tsananta. Ana samunsa a tsaunukan Himalaya na Indiya da Nefal da Tibet, da yankin Gilgit-Baltistan na Pakistan, da tsaunukan Altai. A Rasha da tsakiyar Asiya mumiyo ake ce masa. Asalinsa tsirrai ne da suka ruɓe a tsakanin duwatsu tsawon ɗaruruwan shekaru, shi ya sa yake ɗauke da sinadarin fulbik asid da ma'adinai iri-iri. Tsofaffin littattafan Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, irin su Charaka Samhita, sun sa shi cikin magungunan ƙarfafa jiki, kuma sun shar'anta a tsarkake shi kafin a sha. Masu haɗa shi kan jiƙa shi, su tace, su dafa da ruwan haɗin 'ya'yan itace uku da ake kira triphala.

Yurik asid da ciwon gawut

Yurik asid dattin da ke saura ne bayan jiki ya sarrafa sinadarin furin, wanda ya yi yawa a kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da kifin sadin, da giya. Kusan kashi biyu cikin uku ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, sauran ta hanji. Idan ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, yana iya daskarewa a gaɓoɓi ya zama ƙwayoyi masu tsini. Wannan ne gawut, wani nau'in amosanin gaɓoɓi. Yakan far wa mutum cikin dare, galibi a babban yatsan ƙafa: wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai mai ciwon ya zabura.

Me aka tabbatar?

Magana biyu ke yawo. Masu sayarwa suna cewa shilajit na wanke ƙoda ya rage yurik asid. Wasu masu ba da shawarar lafiya kuma suna gargaɗin masu gawut su guje shi, wai yana ƙara shi. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke da babban gwajin asibiti a bayanta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, kuma wani abu daban suka nufa. Wanda aka fi ambato, na 2016, ya bai wa maza masu shekara 45 zuwa 55 miligiram 250 sau biyu a rana har kwana 90, abin da ya auna kuwa sinadarin mazakuta ne.

Alaƙar da ba a jayayya a kanta ta biyo ta wata hanya: dalma. Shilajit da ba a tsarkake sosai ba yana iya ƙunsar dalma da sauran ƙarafa masu guba, kuma a 2005 hukumar lafiya ta Kanada ta yi gargaɗi kan wasu magungunan Ayurbeda saboda haka. Dalma tana lalata ƙoda a hankali, ƙodar ta gaza fitar da yurik asid, ya taru a jini. Likitoci sun daɗe da sanin wannan nau'in gawut. An gan shi a jihohin kudancin ƙasar Amurka tsakanin masu shan barasar gida da aka dafa a kayan da aka liƙe da dalma. Saboda haka kwalaben shilajit biyu masu suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai, kuma ido ba ya gane mai guba.

Ana kuma gargaɗin masu sikila da waɗanda sinadarin ƙarfe ya yi wa yawa a jini, domin shilajit na ɗauke da shi. Ga mai gawut, magungunan da aka tabbatar suna rage yurik asid su ne irin allopurinol da febuxostat, kuma likitoci kan nemi ya sauka ƙasa da miligiram 6, abin da gwajin jini kaɗai ke nunawa.