Tallafa wa ayyukan jin ƙai da kuɗin hidimar baƙi a gandayen daji na ƙasa

Wannan tsari ne da hukuma ko gidauniya ke gudanar da hidimomin masu ziyara a gandun daji na ƙasa, kamar masauki da abinci da motocin zagaya da 'yan jagora, sannan ta ware wani kaso na kuɗin da ya shigo don asibiti, makaranta, ruwan sha ko agajin gaggawa. Galibi maƙwabtan gandun ne ke amfana, wato mutanen da aka hana su kiwo da farauta da saran itace a cikinsa.

Tarihi

Karɓar kuɗi a hannun baƙi ya girmi raba shi da jama'a nesa ba kusa ba. Dokar da ta kafa gandun Yellowstone a Amurka a 1872 ta yarda a ba da hayar fili na tsawon shekara goma don gina masaukin baƙi, kuɗin hayar kuma ya koma wa gandun. Har yau haka tsarin Amurka yake. Dokar 1998 ta ce kashi 80 cikin ɗari na abin da kamfanonin haya ke biya ya tsaya a gandun da aka same shi, sauran ya tafi hukumar gandaye ta ƙasa. Babu kason jin ƙai a ciki.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara ganin cewa bindigar mai gadi kaɗai ba ta tsare daji idan maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Nepal ta yi wa dokarta ta gandayen daji gyara a 1993, ta ba da damar mayar da kashi 30 zuwa 50 na kuɗin shigar gandu ga al'ummomin da ke kewaye. Yuganda ta sa kashi 20 na kuɗin ƙofa a dokarta ta 1996. Ruwanda ta fara da kashi 5 a 2005, ta ninka shi zuwa kashi 10 a 2017, shekarar da ta ɗaga kuɗin takardar izinin ganin gwaggon biri, wato gorilla, daga dala 750 zuwa dala 1,500. Baƙi takwas kacal ake bari su ziyarci garke ɗaya a rana, na awa guda, don haka tsadar takardar ce ke kawo kuɗin, ba cunkoson jama'a ba.

A wasu ƙasashen gwamnati ta miƙa gudanarwar ga gidauniya. Mozambik ta ƙulla yarjejeniyar shekara ashirin da Gidauniyar Carr ta Amurka a kan gandun Gorongosa a 2008. A gandun Virunga da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda aka kafa a 1925, kashi 30 na kuɗin yawon buɗe ido ake ware wa jama'a, akwai kuma asusun tallafa wa matan masu gadin da aka kashe a bakin aiki, masu gadin da yawansu ya haura 200.

Yadda kuɗin ke tafiya

Abu na farko da ake dubawa a yarjejeniya shi ne daga ina ake cire kason. Idan daga jimillar kuɗin da ya shigo ne, lissafin a buɗe yake, kowa zai iya ƙirga tikiti. Idan daga riba ne, sai an fitar da albashi da man mota da gyaran hanya da inshora da haraji, kuma mai gudanarwa na iya kumbura waɗannan har ribar ta ɓace a takarda. Na biyu, wane kuɗi ne ya shiga rabon. Kashi 20 na Yuganda na kuɗin ƙofa ne kawai, alhali a gandun Bwindi takardar ganin gwaggon biri ce ke kawo babban kuɗin. Daga baya ne aka ƙara wa jama'a ɗan kaso daga kowace takarda.

Bayan an tara kuɗin, ana zuba shi a asusu na daban. Kwamitin ƙauyuka ya kawo jerin buƙatu, ƙaramar hukuma ta tantance, a biya ɗan kwangila kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki. Inda aka haɗa asusun da baitulmalin gwamnati, kuɗin kan makara ko a karkatar da shi.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce kuɗin baƙi na ƙafewa daidai lokacin da buƙata ta yi tsanani. Yaƙi ko annoba ko ambaliya, abin da ya jefa jama'a cikin wahala shi ne kuma ke korar masu ziyara. Virunga ya rufe ƙofarsa bayan an sace wasu 'yan Birtaniya biyu a watan Mayun 2018, bai buɗe ba sai Fabrairun 2019, sannan annobar korona ta sake rufe shi a Maris na 2020. Lokacin da guguwar Idai ta afka wa tsakiyar Mozambik a Maris na 2019, ma'aikatan Gorongosa sun shiga rabon abinci a ƙauyuka, amma sai da aka buɗe asusun neman gudummawa don aikin. Shi ya sa kuɗin ya fi dacewa da aikin da ake gamawa sau ɗaya, irin su rijiya ko ajin makaranta. Albashin ma'aikacin jinya da sayen magani kuwa suna son kuɗin da ba ya yankewa, kuma asibitin da aka gina ba tare da an shirya da ma'aikatar lafiya ba yakan zama kango.

Akwai kuma batun yawan masu rabo. Kaso mai kauri a takarda yakan zama ɗan kaɗan idan aka raba shi ga gundumomi masu cunkoso, manomin da giwa ko ɓauna ta cinye masa gona kuma bai cika ɗaukar ginin makaranta a matsayin diyya ba.

Saɓani

An fitar da 'yan ƙabilar Batwa daga dazukan Bwindi da Mgahinga na Yuganda lokacin da aka mayar da su gandaye a 1991. Masu suka na cewa rabon kuɗi bai maye musu gurbin ƙasar da suka rasa ba. Hukumomi na nuni da ayyukan da aka yi a yankin.