Idan Injin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Mutu

An daɗe ana cewa da zarar injin jirgi mai saukar ungulu ya mutu, sai ya faɗo tim kamar dutse. Ba haka ba ne. Akwai kuloci da ke raba farfela da injin nan take. Sai matuƙi ya yi maza ya sauke sandar da ke hannun hagunsa, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfelar, jirgin yana sauka da sauri amma yana jin linzami. Dab da ƙasa ake ɗaga sandar a sassauta saukar, kuma nan ne gwaninta take. A 1972 a Faransa, injin jirgin wani matuƙi mai suna Jean Boulet ya mutu bayan ya kai mita 12,442 a sama, amma ya sauka lafiya.