Tsagewar busasshen ɗigo mai ƙwayoyin nano

Ƙwayoyin nano ɓurɓushi ne da girmansa bai wuce nanomita 100 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka ɗiga ruwan da ke ɗauke da su, misali na silika (sinadarin da ke cikin yashi), a kan gilashi aka bar shi ya bushe, abin da ya saura yakan dare. Tsagar takan taso daga baki ta nufi tsakiya, layi-layi, har ya yi kama da buɗaɗɗen fure.

Bakin ɗigon ne ke fara bushewa, kuma yana manne da gilashin, ba ya ja da baya. Sai ruwa ya riƙa kwararowa daga tsakiya don cike gurbin wanda iska ta shanye, yana kwaso ƙwayoyin yana jibge su a gefe. Abin da ya sa tabon kofi ya fi duhu a baki ke nan, kamar yadda Robert Deegan da abokan aikinsa na Jami'ar Shikago suka bayyana a 1997.

Da ƙwayoyin sun cunkushe, ragowar ruwan sai ya maƙale a 'yan kafofin da ke tsakaninsu, yana janyo su kusa da juna. Janyowar ba ta wasa ba ce: a kafa mai faɗin nanomita 20, takan kai kusan ninki 140 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Shimfiɗar ƙwayoyin tana son ta tsuke, gilashin ya riƙe ta ta ƙasa, dole ta yage. Duk wanda ya ga lakar tafki da rani ya san wannan, har da yadda gefen ɓawon ke ɗagowa ya nannaɗe.

Kauri ne babban abin lura. Shimfiɗa mai kauri tsagarta kan yi nesa da juna, in kuma ta yi siriri ƙwarai ba ta tsagewa sam. A Faransa, Catherine Allain da Laurent Limat sun nuna a 1995 cewa idan bushewar ta taso daga gefe ɗaya ta nufi ɗayan, tsagar takan jeru da tazara daidai wa daida. Gishiri a ruwan da laimar iska su ma suna sauya fasalinta.

Masu haɗa fenti da masu buga layukan lantarki da tawadar azurfa matsala suke ɗaukarta, domin tsaga guda na iya katse wuta. Wasu masu bincike kuwa suna nazarin tsagar busasshen ɗigon jini, ko za ta taimaka wajen gano cuta.