Riva: tambayoyi da amsoshi kan tarihin kamfanin jiragen ruwa na alfarma da ire-iren jiragensa

Mene ne Riva, kuma a ina yake?

Riva kamfani ne na ƙasar Italiya da ke ƙera jiragen ruwa masu inji waɗanda masu hannu da shuni ke saya domin shaƙatawa da yawon buɗe ido. Asalinsa garin Sarnico ne, a lardin Bergamo da ke yankin Lombardiya a arewacin ƙasar, a bakin tafkin Iseo, kuma har yau akwai masana'antarsa a wannan gari. Yana cikin tsofaffin kamfanonin ƙera jiragen ruwa da har yanzu suke aiki, domin ana lissafin shekarunsa ne daga 1842.

Yaya aka yi ya kafu?

Gyara ne mafarinsa. A shekarar 1842 wata guguwa ta lalata kwale-kwalen masunta a tafkin Iseo, sai wani matashin kafintan jirage mai suna Pietro Riva, wanda ya fito daga ƙauyen Laglio a bakin tafkin Como, ya zo Sarnico ya gyara da yawa daga cikinsu. Aikinsa ya gamsar da mutanen garin, shi ya sa ya zauna ya buɗe wurin sana'arsa. Ɗansa Ernesto ne ya shigo da inji cikin sana'ar, ya riƙa ƙera jiragen da ke jigilar kaya da fasinjoji a tafkin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jikan Pietro, wato Serafino, ya karkata ga ƙananan jiragen tsere, kuma a shekarun 1920 da 1930 jiragensa sun ci gasa da dama a ciki da wajen Italiya. Ke nan kafin a san Riva da alatu, gidan ya shafe kusan shekara ɗari yana koyon halin katako da halin ruwa, kaka ya miƙa wa uba, uba ya miƙa wa ɗa.

Me ya sa sunan Carlo Riva ya fi na sauran fitowa?

Domin shi ne ya mayar da sana'ar gado ta zama masana'anta ba tare da ya zubar da ingancin aikin hannu ba, kuma wannan ne abu mafi wuya a duk tarihin gidan. An haifi Carlo a Sarnico a 1922, ya taso a cikin ƙurar katako, ya karɓi ragamar aiki daga hannun mahaifinsa Serafino a wajen 1950, bayan saɓanin ra'ayi mai tsanani a tsakaninsu. Mahaifin ya saba da ƙera jirgi ɗaya ɗaya bisa buƙatar mai saye, ɗan kuwa yana son a tsara samfuri guda a riƙa fitar da shi da yawa, kowane jirgi daidai da ɗan'uwansa, kamar yadda ya ga kamfanin Chris-Craft na Amurka yana yi. Daga wannan kamfani na Amurka ma ya riƙa sayen injuna a farkon lamari.

A 1954 ya buɗe sabuwar masana'anta a Sarnico, wadda ofishinsa a cikinta aka gina shi da siffar ɗakin matuƙin jirgi yana kallon tafkin. Daga 1956 ya fara aiki da mai zane Giorgio Barilani, wanda hannunsa ke cikin siffar jiragen da suka fi shahara. Carlo ya kuma fahimci cewa sayar da jirgi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne kula da shi bayan an saya, don haka ya kafa wuraren gyara da ajiya a inda masu jiragen suke hutawa, mafi shahara a cikinsu shi ne na Monako, inda aka fafe dutse aka yi rami mai tsawo domin ajiye jirage. Wannan lokaci ya zo daidai da farfaɗowar tattalin arzikin Italiya bayan yaƙi, kuɗi sun shigo hannun mutane, gaɓar tekun Bahar Rum ta cika da masu hutu. Sarki Husaini na Jodan, Sarkin Iran na wancan zamani, Yarima Rainier na Monako, da 'yan wasan kwaikwayo irin su Brigitte Bardot da Sophia Loren duk suna cikin waɗanda aka san su da jiragen Riva. Carlo ya rasu a watan Afrilun 2017 yana da shekara 95.

Waɗanne jirage ne aka ƙera a zamanin katako?

Ariston da Tritone sun fito a 1950. Ariston inji ɗaya gare shi, siriri ne mai lanƙwasa a baya, kuma masana da yawa suna ganin shi ne mafi tsabtar zane a duk abin da Carlo ya yi. Tritone ya fi shi girma, da injuna biyu, an yi shi ne domin ya iya fita teku. Sebino, wanda ya ɗauki ɗaya sunan tafkin Iseo, da Florida sun biyo baya a farkon shekarun 1950. Florida ya samu karɓuwa wurin masu wasan zamiya a kan ruwa, inda jirgi ke jan mutum da igiya. Daga baya aka yi Super Florida, sai Junior a 1966 domin matasa, sai Olympic a ƙarshen shekarun 1960. A tsakiyar waɗannan duka akwai Aquarama.

Mene ne ya bambanta Aquarama har ake yawan ambatonsa?

An fara nuna shi a baje kolin jiragen ruwa na birnin Milan a watan Nuwamban 1962. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, yana da injuna biyu masu ƙarfin doki 185 kowanne, yana gudun da ya wuce kilomita 70 a awa. An ɗauko gangar jikinsa daga Tritone, aka gyara bayansa aka yi shimfiɗar kwanciya a kan murfin injuna, da 'yar hanya a tsakiya wadda mai iyo zai bi ya sauka ruwa ya hawo. Sunan ya samo asali ne daga Cinerama, wato faffaɗan allon silima da ake yayi a lokacin, saboda gilashin gabansa da ya lanƙwaso ya zagaye matuƙi. Jirgin gwaji na farko Carlo ya raɗa masa suna Lipicar, daga farkon sunayen 'ya'yansa mata uku.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne katakon. Da mahogani aka yi shi, itacen da yake dangi ɗaya da maɗacin da muka sani, kuma wani ɓangare na katakon da masana'antar ta yi amfani da shi daga dazuzzukan Afirka ya fito. Ana zaɓar allunan ne ta yadda zanen jikin itacen na gefen dama zai dace da na gefen hagu, a saman jirgin kuma a jera siraran layuka na farin katako a tsakanin jajayen alluna. Bayan haka a shafa banish, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, har fiye da sau 20, sai katakon ya koma kamar madubi. Duk kafintan da ya taɓa goge ƙofa da hannunsa ya san cewa shafa ta uku ma haƙuri take nema, balle ta ashirin, kuma a kan allon da zai sha rana da ruwan gishiri shekara da shekaru. Kujerun galibi farare ne da shuɗi mai ruwan kore, launin da har yau ya zama tambarin kamfanin, sitiyari da agogunan gaba kuwa sun yi kama da na manyan motocin Amurka na wancan zamani.

An yi masa nau'o'i: na asali, da Lungo, da Super, da Special wanda ya fito a farkon shekarun 1970 da ƙarin tsawo da injuna masu ƙarfin doki 350 kowanne. An ci gaba da ƙera shi har 1996, kuma duka duka waɗanda aka yi ba su kai 800 ba. Ɗaya daga cikinsu Ferruccio Lamborghini, mai kamfanin motocin nan, ya saya a 1968, ya sa aka ɗora masa injunan motarsa guda biyu masu silinda 12. Ƙarancinsu da kyawun aikinsu ne suka sa tsohon Aquarama da aka kula da shi yake tsada ƙwarai a kasuwar masu tara kayan tarihi.

Idan katakon ya yi wannan suna, me ya sa aka bar shi?

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, a shekarun 1960 an samu sabon abin ƙira, wato faiba, zaren gilashi da ake haɗawa da wani irin ƙaro a zuba a mazubi ya daskare. Jirgin faiba ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar a riƙa sabunta masa banish, kuma mazubi ɗaya yana fitar da jirage masu yawa cikin ƙanƙanin lokaci, alhali jirgin katako yana cin watanni a hannun ƙwararru. Na biyu, ƙarshen shekarun 1960 lokaci ne na yajin aiki da rikicin ƙungiyoyin ƙwadago a masana'antun Italiya, kuma hakan ya gajiyar da Carlo. A 1969 ya sayar da kamfanin ga wani kamfanin Amurka mai suna Whittaker. Jiragen faiba na farko da suka ɗauki sunan Riva su ne Bahia Mar 20 da Sport Fisherman 25. Carlo ya ɗan ci gaba da shugabanci, sannan ya miƙa wa surukinsa kuma abokin aikinsa Gino Gervasoni, ya koma gina tashar jiragen shaƙatawa a garin Rapallo, wadda take ɗauke da sunansa. A zamanin Gervasoni aka fitar da jirage irin su St. Tropez da Superamerica, aka kuma ci gaba da yin Aquarama na katako a gefe guda.

A ganina ba daidai ba ne a kira wannan sauyi cin amanar gado, kamar yadda wasu masoya tsofaffin jiragen ke faɗa. Kamfanonin da suka nace wa katako kaɗai a wancan lokaci ƙalilan ne suka rayu. Sai dai gaskiya ne cewa shekarun da suka biyo baya ba su fitar da jirgin da ya kama ƙafar Aquarama ba.

Wa ke da kamfanin a yanzu?

Ya sauya hannu sau da dama. Bayan Whittaker, Riva ya shiga hannun kamfanin Vickers na Birtaniya, wanda a lokacin shi ne mai motocin Rolls-Royce, sannan wani kamfanin zuba jari, kafin Ferretti, rukunin kamfanonin ƙera jiragen ruwa na Italiya, ya saye shi a shekarar 2000. A 2012 kamfanin Weichai na ƙasar Sin ya sayi kashi 75 cikin ɗari na rukunin Ferretti, daga bisani aka sanya hannun jarin rukunin a kasuwar Hong Kong a 2022 da ta Milan a 2023. Aikin ƙira dai a Italiya ake yinsa.

Waɗanne jirage yake ƙerawa a yau, kuma yaya aka kasa su?

Lambar da ke jikin sunan jirgi yawanci tsawonsa ne da ƙafa, don haka da an ji sunan an san ajinsa. Ajin farko shi ne na buɗaɗɗun jirage marasa rufi, magadan Aquarama. A cikinsu akwai Iseo mai ƙafa 27, wanda aka yi masa nau'i mai aiki da lantarki mai suna El-Iseo. Da Aquariva mai ƙafa 33, wanda ya fito a farkon zamanin Ferretti, jikinsa faiba amma samansa mahogani da fararen layuka irin na da. Da Rivamare mai ƙafa 38 na 2016. Da Dolceriva mai ƙafa 48. A 2022, domin cikar kamfanin shekara 180, an yi wani jirgi mai suna Anniversario guda 18 kacal.

Aji na biyu jirage ne masu rufi da ɗakunan kwana waɗanda har yanzu gudu ne babban abin da ake nema a wurinsu, kamar 66 Ribelle da 76 Perseo da 88 Folgore. Aji na uku su ne masu bene a sama inda ake zama ana shan iska ana kuma iya tuƙi, kamar 90 Argo, da Corsaro, da Dolcevita, da 130 Bellissima; waɗannan gidaje ne sosai a kan ruwa, da falo da kicin da ɗakunan ma'aikatan jirgi. Ƙananan ana yinsu a Sarnico, manyan kuma a La Spezia da ke bakin teku, saboda tafkin Iseo ba shi da hanyar da babban jirgi zai bi ya fita, sai dai a ɗora shi a mota. Mafi girma duka ana ƙera su a Ancona da ƙarfe da alminiyam, kuma na farkonsu mai tsawon mita 50, wanda aka sa wa suna Race, an sauke shi ruwa a 2019.

Shin jirgin mita 50 na ƙarfe yana da wata alaƙa ta gaskiya da jirgin katako na mita 8?

Ta fuskar kayan ƙira da injiniyanci, alaƙar kaɗan ce, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Abin da ya riƙe zaren shi ne zane. Mauro Micheli ya shiga Riva a 1984, lokacin da ake ƙera Aquarama a masana'antar, daga baya ya kafa ofishin zane na Officina Italiana Design tare da Sergio Beretta, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 wannan ofishi ne ke zana jiragen kamfanin, ƙanana da manya. Hannu ɗaya na tsawon shekara talatin shi ya sa ake ganin abubuwa iri ɗaya suna maimaituwa: gilashin gaba mai lanƙwasa, ƙarfe mai ƙyalli a gefuna, shuɗin nan mai ruwan kore, da mahogani a duk inda hannu ko ido zai sauka. A manyan jiragen katakon ado ne kawai a kan ƙarfe ko faiba. A Aquariva da Rivamare kuwa har yanzu ma'aikatan Sarnico suna jera allunan da hannu, suna shafa banish suna gogewa fiye da sau 20, kamar yadda ake yi a zamanin Carlo.